Muryar Thozama

Ranar da muryar Thozama ta fara dishewa, mijinta Sakhumzi yana Bhisho, babban birnin lardinsu, yana yi wa 'yan majalisa bayanin wahalar malaman wucin gadi. Ita kuwa tana tsaye a zauren cocin da ke bakin tashar mota ta Mdantsane, tana ɗaga murya a kan ɗalibansa, tsofaffi masu koyon karatu, waɗanda rabinsu sai an yi musu ihu suke ji. Ga ƙarar hon daga tasha, ga 'yan kamasho suna kiran fasinja, ga rufin kwano da ke haɗiye magana.

Su biyun malaman wucin gadi ne a kwalejin al'umma, irin waɗanda ake biya iya awar da suka tsaya gaban aji. Babu hutun rashin lafiya, babu tallafin asibiti, babu fansho, kuma kowace shekara sai an sake ɗaukar mutum kamar baƙo. In ka yi fashi, shugabar cibiya ta miƙa ajinka ga wani, baɗi kuma ba a san da kai ba. Shi ya sa malaman suka samo wa kansu dabara: wanda uzuri ya kama, sai wani ya riƙe masa aji da sunansa, shugaba ta kau da kai. Kwana ɗaya ake yi, in ya yi tsanani kwana biyu. Ajin Sakhumzi kuwa tun bayan Ista matarsa ke riƙe da shi, ga shi har Yuni ya shigo da sanyin hunturun ƙasar.

Shi ne sakataren ƙungiyar malaman, kuma a faɗi gaskiya abin da yake nema gaskiya ne. Ƙudiri suke so majalisa ta amince da shi, wanda zai ba su hutun jinya da aiki mai ɗorewa. Allah ya ba shi baki, ba a musu. In ya tsaya yana magana, har wanda ya zo don ya ƙi sai ka ga yana gyaɗa kai. Yau yana Bhisho, gobe yana gidan rediyo, jibi taron wakilai. Thozama kuma da safe ta yi ajinsa, ta hau mota zuwa makarantar firamaren da ake ara musu bayan yara sun tashi, ta yi nata ajin na lissafi da samari da 'yan matan da suka faɗi jarrabawar gama sakandare, aji cike har bakin ƙofa. Ta dawo ta ɗora tukunya.

Da yammar ran nan suna cin masara da wake, ta ce, “Baban Lihle, makogwarona ya fara ciwo. Yaushe za ka koma ajinka?”

Sai da ta maimaita kafin ya ji, don hankalinsa na kan waya.

“Sanyi ne, Maman Lihle. Ki sha citta da zuma. Ki ƙara haƙuri kaɗan, kwamitin majalisa ya kusa kiran zaman jin ra'ayin jama'a. Da an yi, shi ke nan.”

“Haka ka ce tun watan jiya.”

Uwarsa MaMpinga, wadda ke zaune kusa da murhun kananzir da bargo a gwiwa, ta aje cokali.

“Makoti, matar ɗana, mijinki ba yawo yake yi ba. Mutane yake yi wa aiki, har da ke a ciki. Mu da muka yi noma da goyo a baya ba mu ce komai ba, ke magana kawai ake sa ki ki yi. Magana ma aiki ce?”

Thozama ta miƙe, don matar ɗa ba ta mayar wa uwar miji magana. Ta kwashe kwanuka, MaMpinga ta bi ta da cewa ta dafa tazargade ta turara.

Ta turara, ta sha citta har ta gaji, ta sha zuma har ta fita ranta. Muryar dai sai ƙara ƙasa take. Da safe ta tashi da ɗan abin da ya rage, tsofaffin su cinye shi kafin azahar. Ba laifinsu ba ne, bayin Allah. Mama Nofezile, wadda ta fi kowa shekaru kuma ta fi kowa naci, takan sa hannu a bayan kunne ta ce, “Malama, ɗaga mana dai, yau kamar daga cikin rijiya kike magana.” Sai ajin ya kwashe da dariya, ita ma ta yi murmushi, ta ƙara matse makogwaro. In ta isa ajin yamma kuwa, sai ta buga tebur da mashafin allo kafin samarin su san ta fara.

Ranar Alhamis a taron matan coci, ita ce mai ɗauko waƙa sauran su amsa, tun kafin ta yi aure. Ta buɗe baki, wani abu ya fito kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, sannan ya yanke. Wata ta ɗauko waƙar daga baya don ta rufa mata asiri. Thozama ta zauna ta sunkuyar da kai. Wannan ya ƙona mata rai fiye da ciwon kansa.

Washegari ta bi layin asibitin unguwa tun da asuba, ta bar Mama Nofezile ta zaunar da aji har ta iso. Likitar, wata matashiya mai gaggawa, ta haska makogwaron ta ɓata fuska.

“'Yar'uwa, wane aiki kike yi?”

“Koyarwa.”

“Na ga alama. Wajen da murya ke fitowa ya kumbura, har ya fara yin ƙulli. Zan tura ki babban asibiti, amma layinsu sai ƙarshen shekara. Kafin nan magani ɗaya ne: ki yi shiru. Ba raɗa ba, shiru ɗungum, na makonni. In kika ci gaba haka, akwai ranar da za ta tafi ba ta dawo ba.”

Ta faɗa wa Sakhumzi a tsakar gida yana goge takalmi. Ta yi zaton zai tsorata. Idonsa kuwa sai ya yi haske.

“Kin gani ko? Wannan shi ne abin da muke ta faɗa! Malama ta yi ciwo a bakin aiki, ba ta da hutun ko da kwana ɗaya. Wace irin ƙasa ce wannan? Bari in rubuta kada in manta.”

“Baban Lihle, ba ƙasa nake gaya maka ba. Ajinka nake gaya maka. In ka karɓi naka, zan lallaɓa nawa, samarin suna iya karanta allo.”

“Yanzu? Ana saura ƙiris? In na janye yanzu wa zai tsaya? Sauran wakilan ko sunansu ba sa iya faɗa a gaban makirfo ba su yi rawar baki ba. Ki duba fa, in ƙudirin nan ya wuce, ke ce ta farko da za ki ci moriyarsa. Don ke nake yi.”

Don ke nake yi. Kai, jama'a! Ya faɗa ne da zuciya ɗaya kuma, shi ne abin takaicin. Ya sa takalminsa ya fita, zuwa la'asar sai ga muryarsa a rediyo, garau, tana cika ɗaki. MaMpinga ta ƙara sautin, ta aika a kira maƙwabciya ta zo ta ji ɗanta.

Thozama ta je wajen shugabar cibiya, Madam Tyali, a ɗan ofishinta da ke bayan ɗakin ajiye kujeru. Madam ta saurare ta tana motsa shayi.

“Malama, a gun hukuma ban san kina riƙe da ajin safe ba, kuma ba na so in sani. Mista Sakhumzi ne ke da shi. In hutu kike nema a ajinki na yamma, kin san ba ku da shi, sai dai in ba wani, ga su nan suna zarya kullum. Na safe kuwa zancen gidanku ne. Ni ba na shiga tsakanin miji da mata.”

“Madam, ki ce masa ya dawo. Ke zai ji.”

“Ni? In hana sakataren ƙungiya zuwa majalisa? Gobe ki ji sunana a rediyo. A'a, Malama, ni ma ina da 'ya'ya.”

Ta miƙa mata alawar makogwaro daga jaka, ta raka ta ƙofa.

Sau ɗaya ta yi yunƙurin ƙi. Ta ce masa gobe ba za ta je ba, ya ce to, za su yi magana. Gari na wayewa ta tarar ya riga ya kama motar farko. Ta koma ta kwanta, ta ja bargo, ta ce yau kam ko sama za ta faɗo. Hantsi bai gama ɗagawa ba wayar Madam Tyali ta shigo: tsofaffi na zaune babu malami, kuma mai duba makarantu yana hanya. In ya tarar da ajin haka, an kori Sakhumzi, kuma wanda ba ya koyarwa ba ya riƙe muƙami a ƙungiya. MaMpinga, da ta ji komai ta bango, ta tsaya a bakin ƙofa.

“To, makoti, ki kwanta. Ki rushe masa abin da ya gina, mutane su ce matarsa ce ta kayar da shi. Ni dai ban ce komai ba.”

Thozama ta tashi ta ɗaura ɗankwali. Ba tsoron MaMpinga ne ya tashe ta ba. Rabin abincin gidan daga wannan ajin yake fitowa, kuma ta san matan da ke jiran ƙudirin nan, wasunsu sun fi ta shan wuya. Duk inda ta juya sai ta ga ita ce mai laifi.

Daga nan kwanakin suka zama iri ɗaya. Ta daina amsa waya. Ta daina ciniki a kasuwa, sai ta nuna abu ta miƙa kuɗi. A mota sai ta taɓa kafaɗar na gabanta ya ce wa direba akwai mai sauka. Duk ɗan abin da ta tara da wannan shirun, ajin safe take kai wa. Gajiya ta zauna mata a ƙashi, irin wadda barci ba ya cirewa.

Wata Asabar tana shanya, ta hangi Lihle, 'yarta mai shekara huɗu, ta fice ta ƙofar shingen waya tana bin ƙwallo, ga mota ta sauko da gudu. Thozama ta ƙwalla kira da duk ƙarfinta. Iska ce kawai ta fito. Mai sayar da lemu a bakin titi ce ta fizgo yarinyar ta hannu, motar ta wuce direban na zagi. Thozama ta durƙusa a ƙasa ta rungume 'yarta, hawaye na zuba ba sauti.

Da Sakhumzi ya dawo, maƙwabciya ce ta ba shi labari. Ya ɗauki Lihle ya daɗe yana riƙe da ita, ya ce Allah ya kiyaye. Sannan ya ce ƙofar nan dole a sa mata sakata, kuma uwarsa ta riƙa sa ido. Ya je ya sayo sakata ya kafa da hannunsa a ranar. Ran Litinin ya tafi Bhisho.

Aka sa zaman jin ra'ayin jama'a a babban zauren gari na East London, birnin da ke maƙwabtaka da su. Ana gobe ya zauna kusa da ita a bakin gado, abin da ya daɗe bai yi ba, ya kama hannunta.

“Maman Lihle, gobe tare za mu je. Ki sa rigar nan taki mai ruwan toka. 'Yan majalisar nan sun gaji da alƙaluma, mutum suke so su gani.”

Ta dube shi. Ta gane abin da yake nufi sarai, sai dai wani tunani ya zo mata: a can akwai makirfo. Ko raɗa aka yi a cikinsa, zaure zai ji. Ta gyaɗa kai. Tun daga lokacin ba ta ƙara furta komai ba, ko ga Lihle, tana adana abin da ya rage. Magana ɗaya take so ta yi, gajeriya: aji biyu nake yi, ɗaya na mijina ne.

Zauren ya cika da malamai, sun zo da motoci daga ƙauyuka suna waƙa suna taka ƙafa. 'Yan kwamiti na zaune a dogon tebur da robobin ruwa a gabansu, wasu na hamma. Da aka kira Sakhumzi hammar ta tsaya. Ya yi maganar awannin shiri da na duba takardu da ba a biya, ya yi maganar malamin da ya koyar har ya tsufa ya koma gida hannu rabbana. Sannan ya sassauta murya.

“Ranki ya daɗe shugaba, ba sai na je nesa ba. Ga matata nan. Malama ce. Ita ke ɗauko waƙa a cocinmu. Likita ta ce ta huta ko ta rasa muryarta, amma dokar da muke ƙarƙashinta ba ta san hutu ba. Kullum ina kallonta tana fita, zuciyata na ƙuna, ba ni da yadda zan yi. Tashi su gan ki, Maman Lihle.”

Ta tashi. Idanu suka koma kanta. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta jawo makirfo.

“Sannu, 'yata. Abu ɗaya ban gane ba. An gaya mana awannin malamin wucin gadi kaɗan ne, shi ma yana cikin kukanku. Yaya awanni kaɗan suka cinye murya haka? A ba ta ta faɗa da bakinta.”

Aka miƙo mata. Ta kai makirfon baki. Ta ja numfashi, ta turo maganar da ta kwana tana riƙo. Lasifikokin zauren suka fitar da huci mai kauri, sai wani ɗan ƙara siriri, shi ke nan. Ta sake gwadawa har jijiyoyin wuyanta suka tashi. Huci ne dai.

Sakhumzi ya karɓi makirfon daga hannunta a hankali, kamar mai tausayi.

“Kun ji amsarta, ranki ya daɗe. Ba ni da abin ƙarawa.”

Zauren ya ɓarke. Mata suna guɗa, maza suna buga ƙafa, wata malama daga baya ta fashe da kuka. Shugabar ta cire tabarau ta share ido, tambayarta kuma ta bi ruwa. Masu ɗaukar hoto suka yi caa a kan Thozama. Wasu suka zo suna rungume ta suna cewa ta yi sa'ar miji.

A motar komawa baki har kunne yake. Ya saya mata gasasshiyar masara a tasha, ya manta ba ta iya haɗiyarta.

“Kin ji abin da shugabar ta ce mini a waje? Suna so in je Cape Town in maimaita a gaban babban kwamiti. Mako biyu, wataƙila uku. Wannan shi ne na ƙarshe, na rantse. Ke kika yi mana wannan aikin yau, Maman Lihle.”

Ta nuna makogwaronta, ta girgiza kai.

“Na sani, na sani. Ba sai kin yi magana ba. Ke dai ki tsaya a ajin kada a ga babu kowa. Abin da za ki faɗa ki rubuta musu a allo.”

Ta zuba masa ido ta daɗe. Ajinsa ne, amma ya manta su wa ke cikinsa. Shi kuwa ya riga ya koma kan waya yana amsa masu taya murna, masarar na hucewa a cinyarta.

Ran Litinin aka yi yayyafi mai sanyi. Tsofaffin suka shigo da bargunansu da lemominsu, suka gaishe ta, ta amsa da ka. Mama Nofezile ta ce jikanta ya nuna mata hoton Malama a waya, ta yi kyau ƙwarai, sai dai ta rame. Suka zazzauna. Thozama ta gwada cewa barka da asuba, ko hucin ma yau bai fito ba, sai zafi kamar an yanka ta. A nan ta san abin da likita ta faɗa ya iso, kuma ba ta ji tsoro ba, gajiya kawai ta ji.

Ta ɗauki alli ta juya ga allo. Ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa muryarta ta tafi, ba za ta iya koya musu ba, su yi haƙuri su koma gida. Ta matsa gefe don su gani.

Suka duba. Sai ta ji ana buɗe jakunkuna. Su abin da suka sani shi ne duk abin da malami ya sa a allo kwafewa ake yi, ko an gane ko ba a gane ba, daga baya malami ya karanta a maimaita. Suka fito da fensira, suka sunkuya. Wani dattijo ya lashi bakin fensirinsa, wata ta ari magogi wajen maƙwabciyarta. Baƙi bayan baƙi suke zanawa, suna ɗago kai suna komawa, da dukan natsuwarsu. Thozama ta ɗaga hannu ta hana su, suka ɗauka cewa take su yi sauri.

Mama Nofezile ce ta fara gamawa. Ta ɗaga littafinta sama tana murmushi, don yau layinta bai karkace ba.

“Na gama, Malama! Yau kin ba mu mai tsawo. To karanta mana mu ji abin da muka rubuta.”

Sauran suka aje fensira, suka gyara zama, masu nauyin ji suka sa hannu a bayan kunne, suna jira.